Igiyar Ranar Wahala

A can wani zamani, an yi wani matafiyi mai ƙaton buhu. Duk abin da ya gani sai ya tsince: gashin jimina, haƙorin dodo, dutsen aradu, igiyar rama. Kullum cewa yake, "Wannan na ranar wahala ne."

Rannan buhun ya rinjaye shi, ya faɗa busasshiyar rijiya. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, in kana da igiya, jefo in ɗaura a bishiya."

Ya rungume buhu ya ce, "Akwai, Iya, amma ta ranar wahala ce."

Tsohuwa ta ce, "Ashe hutawa ka shiga yi! To, in ranar ta zo, ka kira ni."