Wanda Ya Ƙona Tumatirin Marigayi Ha

Ƙarfe tara na safe aka kira ofishin 'yan sanda na unguwar masunta a birnin Mokpo na ƙasar Koriya, aka ce ana kisa a saman wani bene. Insifekta Ra Dok-su ya haye hawa huɗu yana haki, ya tarar da tsohuwa ɗaya da akwatunan tumatir goma sha biyu.

"Iya, ina gawar?"

"Ga su nan a gabanka, ko ba ka gani ne?" in ji tsohuwa Yom Sun-ok. "Mijina, marigayi Ha, ya shuka su kafin ya kwanta. Shekara talatin yana ajiye wannan iri, babu sauran ko ƙwaya a gida. Saura kwana tara addu'arsa ta kwana arba'in da tara da rasuwa, na yi masa alkawarin zan ɗora tumatirinsa a teburin addu'ar. Wani yana kashe mini su."

Ra ya ji haushi, ya juya zai sauka. Amma ɗan manomi ne, kuma mutum ne da ba ya iya barin tambaya a rataye, ko da ta ganye ce. Ya durƙusa.

Ya juya ganyen ɗaya bayan ɗaya. Babu ƙwari a ƙarƙashi, babu baƙin tabo mai zobe irin na cutar damina. Da yunwar taki ce, ganyen ƙasa ne za su fara yin rawaya gaba ɗaya. Waɗannan kuwa bakinsu ne ya ƙone ya nannaɗe, sun yi yaushi alhali ƙasar a jiƙe take. Ya ɗebi ƙasa ya ɗanɗana, ya tofar.

"Gishiri ne. Wa ke hawa nan ban da ke?"

"Chu, mai benen nan. Tun bara yake so a kwashe su ya yi wa rufin fenti."

Chu yana shagonsa na ƙasa yana fifita.

"Rabona da saman nan wata uku, Yallaɓai."

"To alamun allin da aka ja jikin katanga fa? Ko ruwa bai taɓa su ba."

Chu ya daina fifita. "Na hau ranar Talata na auna, shi ke nan. Rufina ne, yoyo yake! Amma ni da zan yi ɓarna ai maganin ciyawa zan fesa sau ɗaya in huta. Ka tambayi Gil Man-bok na hawa na biyu. Shi ke ɗibar mata ruwa kullum."

Ra ya sake hawa, yana zagin matakala a ransa. Gumi ya jiƙe masa riga, damina ta ƙi sauka, garin kamar an rufe tukunya. Ya tona akwati na farko da biro. Ƙarƙashin ƙasar ga gishiri mai manyan ƙwayoyi, ga kuma jan wake da ya kumbura. Akwati na biyu ma haka.

Nan ya gane. Mai mugunta ba ya haɗa gishiri da jan wake. A garin nan, wanda ke korar fatalwa ne ke haɗa su.

Gil Man-bok tsohon masunci ne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da Ra ya sauko hawa na biyu ya ƙwanƙwasa, sai ya buɗe ƙofa kaɗan.

"Baba, kai ke shayar da tumatirin?"

"Ni ne. Shekara hamsin muna jirgi ɗaya da Ha. Idan ban yi ba wa zai yi?"

"Kana tsoron matattu?"

"Ni? Wannan camfin tsofaffin mata ne."

Ra ya tura ƙofar da ƙafa. A bayanta ga kwano cike da gishiri da jan wake, ga wani a taga, ga wani a bakin shimfiɗa. A kan tebur kuma ledar maganin asibiti ce, ba a ko kwance ta ba.

Man-bok ya zauna a ƙasa.

"Kwana uku da binne Ha likita ya ga wani abu a huhuna," ya ce. "Kullum na hau da bokiti sai in gan shi a tsugune yana tsinke ganye, yana yafito ni. Na ce tumatirin nan ne ke dawo da shi. In suka mutu, ba shi da abin zuwa dubawa, sai ya ƙyale ni."

"Ka san gishiri zai kashe su?"

"Ɗan bakin teku ne ni, Yallaɓai. Na sani. Ina zubawa, ina gaida matarsa, tana ba ni shayi."

Tausayi ya kama Ra, bai kuwa so hakan ba. "Ɓarnar dukiya ce, Baba. Sai mun je ofis ka ba da bayani. Ɗauki maganinka."

A kan matakala suka tarar da Sun-ok. Ta ji komai, fuskarta a jiƙe.

"Takwas sun tafi, Iya," in ji Ra. "Huɗun gefe za su iya tashi. A kwashe ƙasar sama, a yanke ganyen da suka ƙone, a yi ta kwarara ruwa har ya fita ta ƙasa. Bokiti biyar kowane akwati, kwana uku a jere. Kada a sa taki."

Ba ta dubi Insifekta ba. Man-bok take kallo.

"Matsoracin banza! Mutumin da ko kaza bai taɓa firgitawa ba, shi ne zai ja ka lahira?"

Man-bok ya sunkuyar da kai, Ra ya riƙe hannunsa suka fara sauka. Sun kai hawa na ɗaya muryarta ta biyo su.

"Yallaɓai! Ka sako shi kafin rana ta faɗi. Bokiti ashirin ne, ni kuma ba ni da gwiwa."