Man da Auta Ta Shafa wa Birki

Motar gidansu Auta ƙarama ce, amma akwai ta da ƙorafi. Da an taka birki sai tayar baya ta yi ƙiii, kamar ɓera a tarko. Ita Mama ke shiga zuwa aiki kullum, ga hanyar da gangare.

Ranar Asabar Baba ya ɗaga motar da jak. Ya cire taya, ya zare kwanon birki. Auta ta tsuguna kusa da shi.

"Kin ga waɗannan biyun? Takalman birki ne," in ji Baba. "Su ke kama cikin kwanon, mota ta tsaya."

Wayarsa ta yi ƙara, ya shiga ɗaki.

Auta dai akwai rawar kai. Ta tuna mai ne ya hana ƙofar ɗakinsu kuka. Ta lakato man giris, ta shafe cikin kwanon tas.

Baba ya dawo da sauri. Ya mayar da kwanon bai duba ba, ya ɗaure taya, ya koma ɗaya gefen.

"Ki riƙe wannan a ranki," ya ce. "Birki ba ya son mai. Ko ɗigo ɗaya, sai ya yi santsi."

Gaban Auta ya faɗi. Ta kalli tayar da Baba ya ɗaure.

Da la'asar Mama ta ɗauki makulli za ta kasuwa. Auta ta ruga ta riƙe mata mayafi.

"Mama, kada ki shiga! Na shafa wa birki mai."

Baba ya ɗauko jak. Ya sake kwance tayar. Takalman sun jiƙe sharkaf, ba su da sauran amfani.

Sai da ya je ya sayo sababbi. Auta kuwa ta yi ta goge kwanon da tsumma har hannunta ya gaji. Wasan yamma ya wuce ta.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce, tana hawaye.

"Kin yi kuskure," in ji Baba. "Ni ma na yi, da na rufe ban duba ba. Amma da kin yi shiru fa? Na gode, 'yata."

Mama ta rungume ta. "Allah Ya yi miki albarka."

Daɗi ya kama Auta. Ta gode wa Allah da bakinta ya buɗe a kan lokaci.

Tun ranar, abin da ba ta sani ba sai ta tambaya. In kuma ta yi kuskure, takan faɗa tun kafin ya cutar da wani.