Fitar Almuru

"Ba cewa na yi ki bar aikin har abada ba, Zarata. Ki ɗan ajiye shirin har zuciyar Inna ta yi sanyi."

"Tawa zuciyar fa, Zainu? Ni ba ɗa na rasa ba?"

Zainulabidin ya sunkuyar da kai. Tun da abin ya faru bai ƙara kallon matarsa Mashkura, wadda yake kira Zarata, ido cikin ido ba, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Maganar surukarta tana iya haɗiye ta. Amma shi fa? Shi ma gani yake ita ta kashe musu ɗa?

Mashkura kimiyyar sararin samaniya ta karanta, tana koyarwa a jami'a, duk Asabar da yamma kuma tana shiri a gidan rediyo a nan Dutse, inda take warware wa mutane zancen wata da taurari da Hausar da ko tsohuwa za ta gane. A shirin Zainu ya fara jin muryarta. Ya dinga bugo waya da tambayoyin da ko ɗan firamare ya san amsarsu, har ta gane ba taurari ne damuwar bawan Allah ba.

Cikinta ya tsufa lokacin da ta hau dutsen bayan gari da ɗalibanta, da almuru, don ta nuna musu jinjirin wata a na'urar hangen nesa. Kwana kaɗan bayan haka jijjiga ta kama ta, yaron ya zo babu rai. Likita ya ce hawan jini ne da aka yi sakaci da shi. Inna Lauratu kuwa, da ta taso daga Jahun ta tare a gidan, ta ce babu wani hawan jini.

"Mai ciki a kan dutse da almuru, lokacin fitar mutanen ɓoye? Ko ƙusa ba ta soke a ɗankwali ba. Boko dai ya cinye mini jika."

Mashkura ta yafa mayafinta.

"Yau dai zan je, an riga an sanar."

"To don Allah kada ki taɓo zancen almuru. Inna tana saurare... Ki rufa mini asiri."

"Na ji."

Ta so ta cika alkawari, Allah ya sani. A gidan rediyon zancen taurarin Kaza da 'Ya'yanta ta ɗauko, yadda manoma ke gane ƙaratowar damina da su. Rana na gab da faɗuwa aka haɗa ta da wata mai bugowa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji ta.

"Malama, daga wajen Kafin Hausa nake. Kin taɓa cewa faɗuwar rana juyawar duniya ce kawai... da gaske ne? Ciki gare ni, kaina kamar zai tsage, ina gani dishi-dishi, ƙafafuna sun kumbura. An ce in bari sai da safe, mai ciki ba ta fita yanzu."

Mashkura ta gyara zama. Irin ciwon kan nan ta san shi. Ta tuna Inna zaune a tabarma da rediyo a gefenta, ta tuna roƙon mijinta, sannan ta matso da bakinta.

"'Yar'uwa, ki yi addu'ar fita ki tafi asibiti yanzun nan. Almuru bai taɓa cin ɗan kowa ba. Ni ma an ce fitar almuru ce ta kashe nawa... Wallahi ba ita ba ce. Ciwon kan nan ne na raina, na ce gajiya ce. Kada ki kwana da shi."

Muryarta ta karye, aka yi sauri aka sa kiɗa.

Da ta fito, motar Zainu na bakin ƙofa. A kujerar baya ta hango akwatinta, ta gane sauran zancen.

"Inna ta ce na ƙaryata ta a gaban duniya, ko?"

"Ta ce in kai ki gida Yalwawa. Uwa ce, Zarata... ba zan iya ce mata a'a ba. Amma ban furta saki ba, kuma ba zan furta ba. Gobe ni da Kawu Muntaka za mu fara yi mata sintirin ban haƙuri."

Tafiyar ba nisa, amma ya ja motar kamar mai ɗauke da ƙwai. A haka har suka tsaya a ƙofar gidan mahaifinta. Ta kama murfin motar, ta fasa buɗewa.

"Abu ɗaya zan tambaye ka, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Ka yarda ni na kashe shi?"

Ya kifa kansa a sitiyari, kafaɗunsa na rawa.

"Ranar da kika ce mini kanki na ciwo, wa ya ce ki sha magani ki kwanta, asibiti sai Litinin? Ni ne, Mashkura. Ina jin Inna na zagin ki na yi shiru, don in ba almuru ba ne, to ni ne."

Ta daɗe tana kallon sa, hawaye na sauka a haɓarta. Ta ɗora hannu a bayansa har kukan ya lafa. Sannan ta buɗe motar, ta ɗauki akwatinta da kanta.

"Ka je ka gaya wa Inna haka, Zainu. Ina nan ina jiran ka."