Katin Jam'iyya Mai Lamba Sha Huɗu

"Wa ya ba ki wannan jakar?" Hajiya Rakiya ta tambaya.

Ranar farko ke nan da Nuhu ya kawo Fiddausi, wadda zai aura, Nasarawa gaida kakarsa. Ita kuwa uwar iyayi, da ta ji tsohuwar ta yi siyasa a zamaninta, har da ɗauko tsohon katin jam'iyyar da gidansu ke tinƙaho da shi, cikin 'yar jakarsa.

"Na kakana ne, Hajiya. Da shi aka buɗe reshen jam'iyyar talakawa a Tudun Wada, gab da samun 'yancin kai. Sunan ya goge, amma ga lambar, sha huɗu!"

Tsohuwa ta shafa jan zaren bakin jakar.

"Ni na ɗinka ta... Sha huɗu Malam ne, maigidana, wanda yaron nan ya ci sunansa. 'Yan bangar ɗaya jam'iyyar suka tare shi, suka ƙwace katin, suka karya masa ƙafa. Da ɗingishi ya koma ga Allah."

Fiddausi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ɗauki jakar ta fice, Nuhu na kira, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Baba, katin nan na wane ne?" ta tambayi kakanta Zakariyya'u tana kuka, bayan ta koma gida.

Ya ajiye carbinsa.

"Shekarata sha tara lokacin. Riga aka ba mu da sanda, muka tare mai katin... Da iyayenki suka tsince shi suka ce nawa ne, kunya ta hana ni musawa."

Kwana uku ba ta ɗaga wayar Nuhu ba. Saƙo ɗaya ta tura: "Masoyina ka yafe ni, ba ni da idon kallon danginka. A fasa kawai."

"Ke kika riƙe sandar? Wallahi ba na fasawa!" ya amsa.

Rana ta huɗu Baba Zakariyya'u ya ce ta tare musu keke. A tsakar gidan Hajiya ya durƙusa da kyar, ya miƙa jakar da hannu biyu.

"Ni ne, Hajiya. Ki yafe mini."

Hajiya ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce, "Malam ya yafe tun yana raye, ni ce ban yafe ba sai yau."

Ta kamo hannun Fiddausi da ke raɓe bakin ƙofa, ta danƙa mata jakar.

"Ɗago kanki, 'yar nan. Ki tafi da shi ɗakin aurenki. Katin Nuhu ne, gidan Nuhu zai koma."