Ƙaramin Fulogin da Bawa Ya Manta

"Shi ya ƙona ta, Bappa. Ni fa da takardar digiri nake magana," in ji Bawa, yana bubbuga kwamfutar da ke buɗe a tsakiyar falo.

Malam Hayatu ya juyo ga 'yarsa. "Kin ji ko, Yusrah? Aikin mai gyaran naki ke nan. In hotunan nan sun tafi, kada in sake jin sunansa a gidana."

Kwamfutar tsohuwa ce, tun Malam yana aiki a sakatariya, amma hotunan marigayiya mahaifiyar Yusrah duk suna ciki, har da muryarta tana waƙar Fulatanci. Da ta fara mutuwa da kanta, Yusrah ta ɗauke ta a keke daga Yola Gari zuwa wani shago a Shagari Low Cost. Can ta tarar da Usaid, sukudireba a bayan kunne, murmushi kamar an biya shi. Dubawar minti goma sai ta ci sati uku, kullum wai da sauran abin da za a duba. Unguwa dai ta gane abin da ake dubawa.

Usaid ya ce fawa ce ta gaji, akwatin nan da ke raba wa kwamfuta wuta, a sayo sabuwa. Malam da ƙishin-ƙishin ya riga ya iso kunnensa, sai ya miƙa aikin ga Bawa, ɗan ƙaninsa, wanda ya daɗe yana zuwa gaisuwa da turaren da ya fi ƙarfin gaisuwa. Bawa ya ɗaura sabuwar fawa. Fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Nan take ya ce madabod, faifan da komai ke manne a kansa, ta ƙone.

Yusrah ta leƙa ciki, ta ɗauki hoto, ta tura wa Usaid da saƙo: "Nawa, gurbin nan mai rami takwas, kusa da babbar fanka, ba empty ya kamata ya zama ba ko?"

Amsa ba ta ɓata lokaci ba: "Zumata, kin fi ni ido. Babban fulogi yana ciyar da faifan ne, ƙaramin shi ke tada ƙwaƙwalwa. Ki zare wuta daga bango tukuna, hannun nan naki ina da buƙatarsa."

Ta zare. Ta lalubo wayar da Bawa ya naɗe ya cusa a lungu, wai ta rara ce. Ta daidaita maƙallin, ta danna har ya ce ƙas.

"Za ki ƙarasa ta," in ji Bawa.

"Matsa, Hamma, kana tare min haske."

Ta mayar da wuta, ta kunna. Allo ya waye. Ta buɗe waƙar, muryar mahaifiyarta ta cika falon.

Gogo, yayar Malam, da tun ɗazu take gefe tana ɓare gyaɗa, ta ce, "Ashe sati ukun nan ba fuskarsa kaɗai take kallo ba."

Malam bai yi dariya ba. Ya saurari waƙar har ƙarshe, ya goge ido da hannun riga. "Wa ya koya miki?"

"Wanda ka ce kada a ambata, Baba."

Malam ya ɗago kai daga allon. "Ki ce ya turo manyansa ranar Juma'a. Allah ya sa albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Yusrah ta sunkuyar da kai, amma yatsunta na aiki a ƙarƙashin mayafi: "Ta tashi. Ka nemi babbar riga."

Gogo ta rangaɗa guɗa, sannan ta juya. "Bawa ɗana, a digirin naku ranar da aka koyar da ƙaramin fulogi, zazzaɓi kake yi?"

Bawa ya suri makullin babur ɗinsa, ya fita da takalmi ɗaya a hannu, ya bugo ƙofa har labule ya faɗo.