Ranar da Usta Mahmudu Ya Kira Innarsa

A wani ƙauye kusa da Wad Haddad akwai wata yarinya mai iya kwaikwayo. Babanta, Usta Mahmudu, magini ne. Shekara ashirin yana hawa gini, bai taɓa ɗaura igiyar kariya a ƙugu ba.

Da za a gina sabon tankin ruwa, sai muhandisa Asma'u, injiniyar da ke shugabantar aikin, ta zo da wani baƙin tabarau mai kauri. Wanda ya sa shi, sai ya ga kansa a saman dogon gini, alhali yana ƙasa.

"Sai wanda ya gama koyo da wannan zai hau tanki," in ji ta.

Yarinyar ta leƙa ta taga lokacin da babanta ya sa. A cikin tabarau katako ya karye ƙarƙashin ƙafarsa. Ya durƙusa, ya rungume iska.

"Wayyo Inna!" ya yi ihu.

Yarinyar ta ruga bakin tur'a, babbar magudanar ruwa, inda 'yan mata ke ɗiban ruwa. Ta rufe ido da ɗankwali, ta durƙusa, ta yi ihun. Aka yi ta dariya. Kafin la'asar, yara na bin Usta suna cewa, "Wayyo Inna!"

Ya shigo gida kansa a sunkuye.

"Halas, shi ke nan, na bar koyon nan. Su ba wani aikin."

Mamarta ta ja ta bayan ɗaki. "Ke, mi kika yi?"

"Wasa ne fa, Mama."

"Wasa? Kin san abin da ya sa Baffa Sambo ke ɗingishi? A garin Madani katako ya karye da shi, babanki na riƙe da hannunsa, ya suɓuce. Abin da ya gani ke nan yau."

Yarinyar ta kasa cin abinci.

Da safe ta tafi wurin muhandisa. Magina na zaune, yara na leƙe.

"Anti, a sa mini. Kowa ya kalla."

Aka sa mata. Ta dubi ƙasa, ta ga rufin gidaje ƙanana kamar akwatin ashana. Ta zube tana kuka.

"Baba! Baba, riƙe ni!"

Hannu mai kaushi ya riƙe ta. Ashe babanta ya biyo ta. Babu wanda ya yi dariya.

"Baba, ka yafe mini. Ni na kunyata ka."

Ya share mata hawaye. "To, ke ma kin kira naki."

Ya karɓi tabarau, ya ce, "Ya muhandisa, ina igiyar nan? Nuna mini ɗaurin."

Bayan wata biyu ya hau tanki da igiya a ƙugu. Yarinyar na ƙasa tana ɗaga masa hannu. Tun daga ranar ta gane: kada ka yi wa mutum dariya don ya ji tsoro, ba ka san abin da ya gani ba.