Ɓarawon da Ya Mayar da Murfi

Sufeto bai ko kai kofin shayinsa baki ba aka ce masa ga wani dattijo can a kanta yana dukan tebur. Tsohon likitan haƙori ne, wanda kowa ke kira Dokta. Saboda gaggawa, silifas ɗaya nasa ne, ɗayan na matarsa. An sace masa na'urar hangen taurari daga saman benensa, kuma ba bincike ya zo nema ba, don a cewarsa ya riga ya san ɓarawon: ɗansa ne, Auta.

"So nake a rufe shi," in ji Dokta. "In ba ku rufe shi ba, yau zan watso masa kayansa titi. Ya gama kwana a gidana."

A bayansa wani dogon mutum ne tsaye, tabarau a goshi, yana ta ba shi baki. Amininsa ne, shi ya kawo shi a mota. Tsohon ma'aikacin inshora ne, amma tun da ya karanta 'yan littattafai a kan taurari abokai suka laƙaba masa Farfesa, shi kuwa bai taɓa cewa a daina ba. Shi ya cusa wa Dokta wannan sha'awa bayan ritaya, shi ya raka shi sayen na'urar.

Motar ofis tana wurin makanike kamar kullum, don haka Sufeto da Saje suka shiga ta Farfesa. Sufeto mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko a kujera ƙafarsa rawa take. Sai ga shi ya faɗa hannun direban da ke lallaɓa kowane rami kamar ya ɗauko kiret ɗin ƙwai. Har mai keke ya wuce su. Sufeto ya cije leɓe, ya yi ta ƙwanƙwasa gilashi da yatsa har suka isa.

Hanya biyu ce zuwa saman benen: matakala ta cikin gida, da wata ta waje mai ƙofar ƙarfe. Sufeto ya juya kwaɗon ta wajen, lafiyarsa ƙalau, ba a taɓa shi da ƙarfi ba.

A sama, mazaunin na'urar mai ƙafa uku yana tsaye, kansa fayau. Dokta ya yi bayani yana haki. Na'urar kamar ƙaramar ganga take, da madubi a gindinta, a gefe ake ɗaura kyamara. Wani ɗan inji ke juya ta a hankali tana bin tauraro. Ba hoto ɗaya ake ɗauka ba. Saita kyamarar ake yi ta yi ta ɗauka da kanta, ɗaya bayan ɗaya, da safe a haɗa su a kwamfuta. Shi ya sa yake barin ta ya sauka ya kwanta. Jiya Kaza da 'Ya'yanta ya saita, taurarin nan da ke cure wuri guda.

"Wannan fa?" Sufeto ya nuna kujera.

Kyamarar ce a ajiye, an rufe bakinta da murfi, an naɗe wayarta tsaf a gefe.

"Nawa ne kuɗinta?"

"Ta kusa kuɗin na'urar," in ji Dokta.

"Wacce ta fi sauƙin sayarwa?"

Sufeto ya zagaya mazaunin. Kusoshin da ke riƙe na'urar an kwance su an zuba a cikin kofin shayi don kada su gangara. Ya tambayi inda babban murfin na'urar yake. Dokta ya nuna tebur, ya ce nan yake ajiye shi kullum. Babu shi.

Sufeto ya daɗe a aikin nan. Ya ga ɓarawon da ya ci abinci a gidan da ya fasa, ya ga wanda ya yi barci aka tarar da shi. Bai taɓa ganin wanda ya tsaya naɗe waya ba.

Auta yana zaune a kicin kusa da mahaifiyarsa. Magidanci ne a shekaru, gyaran waya yake yi a kasuwa. Uwar ce ta faɗi abin da kowa ke kauce wa: shekarun baya, lokacin da ya biye wa abokan banza, ya sayar mata da keken ɗinki. Ya tuba, ya sayo mata wani, ita ta manta. Uban ne bai manta ba, har ya kafa masa doka kada ƙafarsa ta taka saman bene.

"Ina kake jiya da dare?"

"Ina ɗakina, yallaɓai."

"Ka hau sama?"

"Ban hau ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Baba ya hana ni."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Auta ya kalli mahaifiyarsa, ya sake cewa bai hau ba. Ƙarya yake, kuma bai iya ta ba. Ran Sufeto ya ɓaci, domin a ransa ya fara son yaron nan ya fita daga zargi.

A falo ya sa Dokta ya zuba hotunan jiya a kwamfuta. Farfesa ya ce ɓata lokaci ne, tunda sama kawai kyamarar ke kallo. Sufeto ya ce shi ma saman yake son gani.

Hotunan suka riƙa wucewa, duk iri ɗaya: baƙin fili da taurari, kowanne da hazo kewaye da shi kamar fitilar mota a cikin ruwan sama. Dokta ya yi tsaki. Ya ce abin da ya hana shi sukuni ke nan tun farkon dare, don hotunan makon jiya tas suke. Har ya kira Farfesa a waya ya ce masa da safe zai mayar da na'urar shagon da suka saya a duba ta.

"Raɓa ce," in ji Farfesa. "Na gaya masa."

"Wa ya taɓa na'urar jiya da rana?"

"Ni ne na zo na saita masa madubi. Aikina ne, shi bai iya ba tukuna."

Sufeto ya ci gaba da dannawa. Kwatsam wani hoto ya fito fari fat.

"Mene ne wannan?"

Dokta ya miƙe zumbur. Ya ce fitilar waya ce. Duk mai wannan harka jar tocila yake riƙewa, don farin haske yana kashe ido a duhu, yana ɓata hoto. Mutum ɗaya ne a gidan ke yawo da fitilar waya. Ya ƙwala wa Auta kira.

Da aka nuna masa hoton, Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce ya hau. Ya ce ba jiya kaɗai ba, duk daren da uban ya sauka, yakan lallaɓa ya leƙa ɗan allon kyamarar ya ga abin da ta kamo, ya sauko bai taɓa komai ba.

Dokta bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya nufi ɗakin Auta, aka fara jin ƙarar buɗe durowa.

Sufeto bai tashi ba. Ya danna na gaba. Taurari sun dawo. Na gaba ma haka, da na gabansa, hotuna masu yawa, wato na'urar ta daɗe a wurinta bayan Auta ya sauka. Can kusa da ƙarshe wani hoto ya yi ja-ja-ja a gefe guda. Wanda ya biyo shi baƙi ƙirin, ko tauraro ɗaya babu. An rufe bakin na'urar ke nan.

Ya rufe kwamfutar. Ya tambayi Farfesa makullin ƙofar waje. Farfesa ya ce da yana da ɗaya, amma ya mayar wa Dokta tuntuni. Jar tocilarsa fa? Ta ɓata. Jiya da dare fa? Ciwon baya ya kwantar da shi da wuri. Sufeto ya ce to, a taimaka a saka mazaunin na'urar a but ɗin mota a kai ofis don a ɗauki zanen yatsu.

"Makullin but ɗin ya lalace, yallaɓai. Ya kwana biyu ba ya buɗuwa."

Sufeto ya ce ba komai. Ya ja Saje gefe, ya ce masa kada kowa ya bar gidan, kada motar nan ta motsa. Ya tari babur.

Inda aka sayi na'urar shagon kyamarori ne ƙarami a bayan banki, wata mata mai fara'a ke riƙe da shi. Ta duba hotunan da Sufeto ya kwafo a wayarsa. Ta ce in raɓa ce, a hankali take sauka, hotunan farko za su fito da kyau. Wannan kuwa tun hoton farko hazon yake. Ta ce fuskar madubin nan ba gilashi ba ce irin na taga, wani siririn shafe ne a samansa, ƙura ba ta cutar da shi, amma tsumma na kashe shi. Kusan duk sabon shiga sai hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi ya goge.

"Akwai wanda ya zo neman sabon madubi?"

"Jiya da yamma, ina shirin rufewa. Abokin Dokta, mai tabarau a goshi. Da na ce masa sai an yi oda daga waje, zai ɗauki watanni, sai da ya nemi kujera ya zauna."

Sufeto ya ce wa mai babur ya taka wuta.

Ya tarar da jakunkunan Auta a tsakar gida, da akwatin kayan gyaran wayarsa a kife, ƙananan sukurdireba sun watse a ƙasa. Uwar tana tsugune tana tsince su tana hawaye. Auta yana jingine da bango, ko roƙo ya daina. Farfesa yana gefen Dokta yana cewa a yi haƙuri, yaro ne, kada a kai shi kotu, korar ma ta isa.

Wannan maganar ce ta ƙure haƙurin Sufeto. Ɓarawon da yunwa ta kora yana iya tausaya masa. Wanda zai tsaya yana kallo a kori ɗan mutane a kan laifinsa, har yana ba da shawarar yadda za a yi, shi ne ba ya iya haɗiya.

"Malam, buɗe but."

"Na ce maka makullin..."

"Saje, kawo ƙarfen taya."

Farfesa ya dubi ƙarfen, ya dubi motar. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "A'a, za ku girgiza ta." Ya zaro makulli, ya buɗe da kansa.

Na'urar tana kwance a cikin bargo, an tokare ta da matasai biyu, murfinta a rufe. A gefenta ga jar tocila, ga makullin ƙofar waje. Sufeto ya cire murfin, ya juya bakin na'urar wajen haske, ya ce wa Dokta ya leƙa. Can a gindi, fuskar madubin duk ta yi zane-zane a zagaye, kamar gindin tukunyar da aka dirje.

Farfesa ya zauna a bakin but ɗin ya faɗi komai. Ƙura ya gani a madubin, ya fesa ruwan goge gilashi, ya bi da hankici. Yana gogewa yana lalacewa, yana ƙara gogewa. Shi bai taɓa mallakar irin wannan na'ura ba, a littafi kawai ya san ta. Da Dokta ya ce zai kai ta shago, ya san mai shagon na leƙawa za ta gane, kuma kowa zai ji. Niyyarsa ya ɓoye ta har sabon madubi ya iso, ya mayar a ce an tsince ta. Gida ma ya kasa kai ta don tsoron tambayar matarsa.

"Da ka gaya min," in ji Dokta, murya can ƙasa. "Madubi ne fa."

"Kunya ce ta hana ni."

"Kunyar ba ta hana ka kallon ina watsa kayan ɗana ba?"

Saje ya ɗauko ankwa zai sa wa Farfesa, Sufeto ya girgiza masa kai, ya ce dattijo ne, ba inda zai gudu. Suka sa shi a kujerar baya ta motarsa, Saje ya karɓi tuƙi.

Sufeto ya tsaya ya ce wa Dokta ya biyo su ofis ya ba da bayani, amma ba sai yanzu-yanzu ba. Dokta bai ma ji shi ba. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, yana taya matarsa tsince sukurdireba. Ya tara su a hannu, ya rasa yadda zai miƙa wa mai su. Kunya da nadama sun cika shi, kuma shi mutum ne da bai saba ba ɗansa haƙuri ba.

"Kullum kake hawa?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Kullum, Baba."

"Me kake gani?"

"Na ranar nan da ka ɗauki hoton wata, har ramukansa na gani. Na so in ce maka ya yi kyau."

Dokta ya shiga ɗaki ya fito da jar tocilarsa. Ya kama hannun Auta, ya danƙa masa ita tare da sukurdirebobin.

"Ka daina haska min hoto da wayar nan taka," ya ce. "Ɗauki jakarka ka mayar ciki."

Sufeto ya shiga gaban mota ya ja ƙofa. Saje ya faɗa ramin farko da gudu, motar ta yi tsalle, ba wanda ya ce masa ya rage.